Hajjo Maginiya da Dutsen Bayan Kalgo

Duk wanda ya zauna Kalgo a shekarun da aka canza kuɗi ya san Hajjo mai ginin tukwane, ko da bai taɓa sayen kasko a hannunta ba. Doguwa ce marar jiki, tafiyarta kullum kamar an aike ta. Muryarta a dishe take tun tana budurwa, har in ta yi sallama a ƙofar gida sai baƙo ya ɗauka wani dattijo ne ya kwana da mura. Da wannan murya take ciniki, da ita take tsokana, kuma da wuya a rabu da ita ba a yi dariya ba.

A Gwandu aka haife ta, a gidan magina. Tun ba ta kai tsayin randa ba take taka yumɓu da ƙafa, tana daka fasassun tukwane a turmi don a cuɗa garin a cikin yumɓun ya yi ƙarfi. Wata rana uwarta ta ɗauke ta zuwa wani tudu a bayan gari su haƙo jar ƙasar da ake jiƙawa a shafe tukunya kafin a toya ta. Sauran 'yan matan da aka tafi tare da su suka hau suna ƙorafin ƙaya da tsakuwa. Ita kuwa da ta kai sama sai ta ajiye kwando ta tsaya. Ta ga garin ya koma ɗan mitsitsi, ta ga shirwa tana shawagi ƙasa da inda take tsaye, iska kuma tana kaɗa mata zane, ba wanda ke kiran sunanta. Sai da uwar ta make ta a ƙeya sannan ta tuna abin da ya kawo su. Daga ranar, in aka ce wa zai je ɗebo jar ƙasa, kafin a rufe baki ta ɗauki kwando.

Aure ya kai ta Kalgo, gidan Tambari, manomin shinkafa wanda yake taɓa kamun kifi in ruwa ya cika fadama. Mutum ne mai sanyin magana, mai jan kalma kamar yana tsoron ta ƙare. Allah ya yi mata gyaɗar dogo, don a bayan garin akwai dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, ya fi na garinsu tsayi nesa ba kusa ba, jikinsa duk jajayen duwatsu da ƙananan sabara. Daga samansa ana hango fadama shimfiɗe, da gulbi yana ƙyalli, da hanyar mota ta miƙe zuwa Birnin Kebbi.

Maginan unguwarsu suna da tsarinsu. Kowace mace a gidanta take gini: ta kifa tsohuwar tukunya, ta shimfiɗa yumɓu a bayanta, ta bubbuga har gindi ya fito, sannan ta juya ta ɗaga wuya da baki da hannu. Amma toyi tare ake yi. Jajibirin kasuwa kowa ta kwaso ɗanyun tukwanenta zuwa matoya a gefen gari, a jera manya a ƙasa ƙanana a bisa, a lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. Ba mai sa wuta sai Gwaggo Indo, ƙanwar uban Tambari, wadda ta fi kowa daɗewa a sana'ar. A kasuwa kuma mai saye ba ya tambayar wa ta gina. Tukunyar Kalgo ce kawai. In ta yi kyau sunan kowa ne, in ta ɓaci ma haka.

Hajjo ta shiga cikinsu ta zauna daram. Tulunta ba ya da nauyi, randarta tana sanyaya ruwa, kuma ta ɗauke wa duk unguwar wahalar ɗebo jar ƙasa. Sai dai akwai abin da ba a faɗi. Kwando ɗaya na jar ƙasa yana isar magina duka wata da watanni, Hajjo kuwa kusan duk mako sai ta hau. Ba ta da wata hanya. A Kalgo ba a hawan dutse haka kawai. Makiyayi yana hawa da awakinsa, maharbi yana hawa, mai saƙe-saƙi yana hawa neman saiwa. Amma mace ta hau hannu rabbana, ta zauna ita kaɗai ta sauko, kafin la'asar an ce iskoki ne suke kiranta. Don haka kwando da 'yar fartanya su ne shaidarta. Ta kammala aikin safe, ta ɗaura ɗankwali, ta ratsa unguwa tana amsa gaisuwa, kowa ya ga kwando ya yi mata sannu da aiki.

Ƙasar da ba a buƙata kuwa sai ta taru a bayan ɗakinta. Shekara da shekaru tana taruwa, har kaji suka mai da wurin wajen wanka, 'ya'yanta suka girma suna zamiya a kai. Tambari ya kan tsaya ya dubi tarin, ya dubi matarsa.

"Hajjo, wai dutsen ga kike son ki kwaso min cikin gida duka? Ki hwaɗa min gaskiya in nemi jaki, mu gama da wuri."

Ita kuma ta ce masa mutumin fadama ba zai gane ba, shi da ko tudun tururuwa ya hau sai ya nemi wurin hutawa. A nan maganar take tsayawa, su yi dariya, ya tafi gona.

Amma tarin ya dame ta fiye da yadda ta nuna. Duk mai ido da ya leƙa bayan ɗakin zai gane ba buƙata ke kai ta ba. Sai ta fara tunanin wani abin da dutsen zai bayar wanda aikin gini ke ci da yawa. Ana nan, wata bazara bayan auren autarta Ruƙayyatu, ta zagaya ta ɗaya gefen dutsen inda ruwa ya zaizaye, ta tarar da wani farin dutse mai taushi, ana murza shi da yatsa yana gari. Ta kawo gida ta daka. Ya daku cikin sauƙi, ba kamar fasassun tukwane masu karya ƙugu ba. Ta cuɗa a yumɓu a madadinsu, ta gina tulu na gwaji. Ya fito daga wuta lafiya lau, ta ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara tangaran. Hajjo ta ji kamar ta yi guɗa. Ga abin da kowace tukunya za ta ci, kowane mako, har abada. Ba ta jira ta zuba wa tulun ruwa ta ga kwanansa ba, abin da ko yarinya mai koyo ta san ana yi. Ta gina kayan kasuwa gaba ɗaya da sabon haɗin, ta kuma ɗiba wa maƙwabtanta biyu da suka yaba sauƙin dakansa.

Kasuwa ta ci, kaya suka ƙare. Ba a kai ga zagayowar wata kasuwar ba sai ga wata mata daga Diggi, Dije, ta yi sallama da hantsi, tulu a ka, bakinta ya riga ƙafarta shigowa. Ta sauke shi a tsakar gida. Jikin tulun duk ya fashe da ƙananan ramuka, kowane rami da farin ɗigo a tsakiya, ruwa yana tsattsafowa.

"Ke ce mai ginin? To ga ɗanki na kawo miki, ƙyanda ta kama shi. Randar da na saya wa ɗiyata ma tana can kwance, ita tata ta fi tsanani, ba ta iya tahiya."

Hajjo ta ba ta tabarma da ruwa, ta yi ƙoƙarin dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Kafin azahar wasu biyu sun zo da nasu, ɗaya ma ba ginin Hajjo ba ne, na maƙwabciyarta ne.

Washegari Gwaggo Indo ta tara magina a bakin matoya. Ta sa aka ajiye tulun Dije a gabanta, ta ƙwanƙwasa, ya amsa da ƙaramar murya kamar an bugi katako. Ta ɓalli bakinsa, ta sa farce ta ƙwaƙulo farin ɗigon, ya watse a tafinta kamar garin dawa. Ta ce wannan dutsen iyayensu sun san shi: wuta tana dafa shi ya yi lamo, ranar da ya sha ruwa sai ya kumbura ya fasa inda yake. Ta tambayi inda aka samo, Hajjo ta faɗa, ba ta ɓoye komai ba, ta kuma ce maƙwabtanta ba su da laifi, ita ta kai musu.

Gwaggo Indo ba mai faɗa ba ce, maganarta gajera ce kamar tsayinta. Ta yanke cewa duk wanda ya dawo da kaya a musanya masa, kuma unguwa ce za ta gina tare, tunda sunan unguwa ne ya taɓu. Sannan ta juyo.

"Ke kuma ɗiyar Gwandu, dutsen nan ya ishe mu haka. Jar ƙasar da ke bayan ɗakinki ta kai mu har jikoki. Ki aje kwandon ki huta."

Matan suka ga an yi mata sauƙi, har wasu na yi mata barka. Hajjo ta yi godiya ta koma gida. Ita kaɗai ta san abin da aka karɓe.

Ta yi aikin musanya da hannu bibbiyu, ta gina wa Dije randa wadda har yau ana cewa ba a ga irinta a Diggi ba. Damina ta shigo, gini ya ja baya, aka koma gona. Kaka ta zo, aka dawo kan yumɓu. Tukwanenta ba su canza ba, amma ita ta canza. Tsokana ta ragu. Ta kan juya wa dutsen baya in za ta zauna aiki, kamar wadda suka yi faɗa. Tambari ya lura tana tashi da safe ta share tsakar gida, ta sake share inda ta share. Ya ce mata in tana so ya raka ta su je su dawo, wa zai hana. Ta ce mutum da matarsa su hau dutse su yi mene, so yake a ce su biyun duka sun taɓu?

Cikin wannan shekarar Ruƙayyatu ta haihu a Gwandu, inda take aure a wani gidan malamai. Hajjo ta shiga mota da kayan barka, da sabuwar tukunyar wankan jego da ta gina da kanta. Duk tudun da suka wuce a hanya sai ta bi shi da ido har ya ɓace. Bayan suna, da gida ya yi sauƙi, 'yar ta zauna kusa da ita tana ba jariri nono, ta ce ta ji labarin tukwane, kuma ita kam ta gode Allah da abin ya zo da haka. Ta ce an taɓa tambayarta a gidan nan, cikin wasa amma ba wasa ba, ko gaskiya ne innarta tana wuni a kan dutse. Ta ba su amsa cewa sana'a ce ke kai ta, suka bar maganar.

"Inna, yanzu da ba sana'ar, in kika hau mi zan ce musu?"

Hajjo ta karɓi jikanta ta rungume, ta ce kada ta damu, ba za ta sa ta jin kunya a gidan miji ba. Ta faɗa da gaske, ta kuma riƙe alkawarin. Rani ya wuce ba ta taka ko gindin dutsen ba.

Sai bazara ta sake zagayowa, lokacin da magina suka fi fargaba, don sama ba ta da tabbas, kuma lokacin ne aka fi neman tulu saboda zafi. Wani jajibirin kasuwa aka jera kaya, gari garau, Gwaggo Indo ta duba gabas iyakar abin da itatuwa da katangu suka bari ta gani, ta sa wuta. Wuta ta kama sosai sai iska ta juya. Kafin a ce a yi wani abu hadari ya taso ta bayan dutse, ruwa ya sauka a kan matoya. Tukwane masu zafi suka riƙa fashewa ana ji, waɗanda wuta ba ta kai gare su ba suka narke suka koma laka. Aikin mako biyu na unguwa guda ya tafi.

Da safe mata suna tsintar abin da ya tsira cikin toka, Hajjo ta ce, ba da kowa take ba, irin wannan hadarin tun hantsi ake ganin kansa daga sama, yana taruwa can gabas kamar tarin auduga. Matan suka ci gaba da tsintarsu. Amma Gwaggo Indo ta ji, kuma da yamma ta aika a kira ta.

Hajjo ta same ta zaune a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu, tana shafa musu man shanu. Suka gaisa, aka jajanta asarar jiya. Tsohuwar ta tambaya ko da gaske ana hango hadari daga can. Hajjo ta ce ana hangowa, amma ba kullum yake zuwa inda aka zata ba, wani ya taso kamar zai cinye gari ya bi ta Bunza. Ta ga in ta bar maganar a nan, ta sake samun wani kwandon ne kawai, kuma ta gaji da ɗaukar kaya.

"Gwaggo, in hwaɗa miki gaskiya. Ni ba ƙasa ke kai ni ba tun farko. Hawan nike so. In na kai bisa na zauna, sai in ji raina ya yi fari. Shi ke nan, ba wani abu."

Gwaggo Indo ba ta ɗago ba, ta ci gaba da murza gwiwa.

"Wa kike ba labari? Tun kina amarya muka sani. Kin ga mun taɓa cin jar ƙasa da miya?"

Hajjo ta rufe baki da gefen mayafi. Tsohuwar ta ce ita ta ɗauka shekara guda a ƙasa za ta warkar da ita, ga shi ba ta warke ba, sai ramewa da take yi tana ɓata wa mutane rai da shiru. Ta ce abin da mutum yake so tsakaninsa da Allah ne, abin da gari zai faɗa kuma aikin manya ne su tsara shi.

A toyi na gaba, gaban kowa, Gwaggo Indo ta sanar cewa daga yau ba za ta sa wuta ba sai Hajjo ta hau ta dubo sama ta kawo labari. Ta ce kuma tunda sama ba a gane halinta rana ɗaya, sai ta riƙa hawa ko ba ranar toyi ba, don ido ya saba. Ta ƙara da cewa kada ta kuskura ta sauko musu da ko tsakuwa ɗaya. Matan da suka yi asara ba su ga abin musu ba. Waɗanda suka gane kuma suka sunkuyar da kai suna gyara kara.

Haka Hajjo ta koma dutse, wannan karon hannunta sake, sai 'yar butar ruwa. Ranar farko ta daɗe ba ta sauko ba, har Tambari ya fito bakin hanya yana dube-dube, ya ce wai akuyarsa yake nema. Da ta iso ya tambaye ta ko dutsen ya gane ta. Ta ce ya gane ta, har ya tambayi mijinta malalaci.

Duban nata yana ci wani lokaci, wani lokaci ya kuskure. Ta taɓa hana toyi aka wuni rana na ƙuna ba ɗigo, matan suka yi ta yi mata tsiya har mako ya zagayo. Ta kuma taɓa tsirar da kayan unguwa gaba ɗaya, a shekarar da aka ba Kebbi jiha, ranar da ta sauko da gudu tana ɗaga hannu tun daga nesa. Wannan ɗin shi mutane suka riƙe. Labari ya kai Gwandu ta bakin masu zuwa kasuwa, kuma da ya isa gidan su Ruƙayyatu ya riga ya yi kyau: innarta ce mai duba wa maginan Kalgo hadari. Surukin Ruƙayyatu ma ya ce ai lura da sama abu ne mai kyau, ya aiko wa Hajjo da gaisuwa da goro. Ruƙayyatu da ta zo ganin gida ta dubi uwar, ta ga kumatu sun dawo, ba ta sake ta da zancen ba.

Hajjo ta yi shekaru tana hawa. Da gwiwa ta fara gardama sai ta yanki sanda, ta rage sauri, ta koma tsayawa a wani faffaɗan dutse da ke rabin hanya, ta ce daga nan ma ana ganin abin da ake buƙata. Gini kuwa ba ta bari ba sai a ciwonta na ƙarshe, wanda bai daɗe ba. Ta rasu ana girbin shinkafa, shekaru kaɗan kafin a koma mulkin farar hula, ta bar ɗanyun tuluna a inuwa waɗanda maƙwabta suka toya mata.

Abin da 'yan unguwa suka fi tunawa shi ne tsakiyar rani, lokacin da ko mahaukaci ya san ba ruwa a sama. Hajjo za ta sauko da hantsi, ƙafa duk jar ƙura, ta biya ta ƙofar Gwaggo Indo, wadda a lokacin ko gani ba ta yi sosai. Ta durƙusa ta gaishe ta da wannan disasshiyar murya.

"Gwaggo, na dubo. Babu hadari."

Tsohuwar kuma, ba ko murmushi, ta gyaɗa kai.

"Madalla. Allah shi yi albarka. Jibi ki koma ki ƙara dubawa."